Malamin Aji Da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗalibai A Kumbotso

A yankin Kumbotso da kewayensa, yaro yakan tashi ne yana jin ƙugin injin masana'antun Sharaɗa da Challawa. Iyaye da yawa can suke neman abinci, wasu kuwa har Bompai suke zuwa. Idan masana'anta ta rufe saboda rashin wuta ko tsadar kaya, damuwar maigida takan bi yaro har cikin aji, ya zauna jugum, karatu ya ƙi shiga. Sau da yawa sai a ce lalaci ne, a kai masa bulala, alhali kuwa ciwo ne yake neman kama shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kuma cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da irin wannan larura. Wato dai shekarun makaranta ke nan. Alamun farko kuwa ba ɓoyayyu ba ne: rashin barci, ƙin abinci, ƙaurace wa abokai, yawan fushi ba dalili, da faɗuwa jarrabawa ga yaron da aka sani da ƙoƙari.

Yaron da bai sami mai saurarensa ba yakan nemi sauƙi wajen ƙwaya ko sholisho. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3 suna shan miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan an ga ɓarnar da ya yi wa matasan Kano maza da mata.

To, ina mafita? Tun a 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malamai masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na magani da mutunci. Amma takarda ba ta warkar da kowa sai an yi aiki da ita.

Kumbotso tana da makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi a kan hanyar Zariya. Idan kowane ɗalibin malanta ya fita daga can ya san waɗannan alamu, to aji ya sami mai gadi. Shi ne zai koya wa yara cewa isasshen barci, motsa jiki, da faɗa wa babba abin da ke ci musu rai duk kiwon lafiya ne. Shi ne kuma zai kira iyaye, ya nuna musu cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ga Asibitin Dawanau, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da malaminsa ya lura da shi da wuri, da wuya a kai ga sa masa mari.