Daga Bariki Zuwa Kasuwa

Wanda ya shiga soja yana da shekara 20, idan Allah ya ja kwana ya cika shekara 35 yana aiki, zai tuɓe kaki yana ɗan shekara 55. Da sauran ƙarfinsa, ga yara a makaranta, ga gidan bariki da dole ya bari. Fansho kuwa ba ya kai albashi. Shi ya sa mazan jiya da yawa, tare da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ke juyawa ga sana'a. Abin ba sabo ba ne: cikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, waɗanda suka koyo tuƙi da kanikanci sun samu abin yi a harkar manyan motoci.

Rundunar sojan Najeriya tana da cibiya a Oshodi ta Legas, NAFRC, inda masu shirin ritaya ke yin wata 6 suna koyon ɗinki, walda, kafinta, haɗa sabulu, kiwon kaji da na kifi. Horon yana da amfani, amma iya yin sabulu daban, iya sayar da shi daban.

Babban haɗarin yana ranar da garatuti ya shigo. Mutumin da ya shekara talatin yana jiran ƙarshen wata ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, kuma kafin la'asar labari ya zaga dangi. Wannan ya zo da rufin ɗaki, wancan da auren 'ya, sai kuma mai daɗin baki da "harka" mai ninka kuɗi cikin wata uku. Ko sojan da ya tsallake wannan, sau da yawa kuskurensa ɗaya ne: ya zuba jarin gaba ɗaya a kaji dubu ko a tirela, alhali bai taɓa kwana da kaji hamsin ba. Da ya fara da kaɗan, da asarar farko ta zama kuɗin makaranta.

Sai kuma hali. A bariki samanja na magana, kofur ya ƙame. A kasuwa yarinya 'yar aike za ta taya kayanka rabin kuɗi, ta juya ta tafi, kai ne kuma za ka kira ta da "zo mana, 'yata". Yaron shago ba kurtu ba ne, tsawa ta yi yawa gobe ba za ka gan shi ba. Ga bashi: tsohon abokin fagen daga ya ce "rubuta mini zuwa fansho ya fito", kunya ta hana ka cewa a'a, littafin bashi ya cinye uwar kuɗi. A nan matan sojoji sun fi mazajensu wayewa nesa ba kusa ba. Wadda ta shekara ashirin tana sayar da abinci a kasuwar mami ta bariki ta san wa ake ba bashi, wa ake ba haƙuri. Mai hankali ita yake fara miƙa wa lissafi.

Abin da kaki ya bar wa mutum ma ba kaɗan ba ne: sammako, kiyaye lokaci, ƙirga kayan sito, rashin ruɗewa idan abu ya ɓaci. Sana'ar da ta fi karɓarsa ita ce wadda ke kusa da tsohon aikinsa. Ɗan kwana-kwana ya san tukunyar kashe gobara ciki da waje, yana iya sayarwa, ya cika wadda ta ƙare, ya horar da ma'aikatan otal da gidajen mai. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san ana bukatar irin wannan aiki.

Sai kuma batun takardu. Rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake yi, kuma da takardar ake buɗe asusun banki na kasuwanci. Kamfanin gadi, wanda tsofaffin sojoji suka fi sha'awa, ya fi wuya. Wata doka ta 1986 ta wajabta lasisi, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kai, kuma masu gadin ba su da izinin riƙe bindiga, ko da mai kamfanin janar ne mai ritaya.