Daga Jakar Wasiƙu: Wa Doka Ta Yarda Ya Taɓa Kayan Gas?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Yelwan Yauri, daga wani mai sauraronmu ɗan kasuwar busasshen kifi. Bayan gaisuwa, ya ce ƙanensa da ke zaune a Ingila ya ba shi labari cewa tukunyar dafa ruwan gidansa mai aiki da gas ta lalace a tsakiyar hunturu, amma bai isa ya sa mata hannu ba sai da ya jira mai rajista, alhali shi kansa makaniki ne. To wai gaskiya ne? Kuma mu nan akwai irin wannan doka? Don shi yana da yaro a shago mai ɗura wa mutane gas daga babbar tukunya zuwa ƙanana, kuma yakan ɗan taɓa gyara.

To Alhaji, mun gode da wasiƙa, Allah Ya ba da kasuwa. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. A can sanyi ne ya sa kusan kowane gida ke da tukunyar da ke ɗumama ruwa da ɗakuna, kuma gas ɗin ta bututu yake shigowa gida kamar ruwan famfo. A ranar 16 ga Mayu 1968 wata mata a wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point a Landan ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi, sai gas ya tashi, kusurwar benen ta rufto, mutum huɗu suka mutu nan take. Bincike ya nuna wani ɗan noti marar ƙwari ne ya tsage a mahaɗar murhunta. Bayan wannan aka kafa ƙungiyar masu aikin gas mai suna CORGI a 1970, aka mai da rajista tilas a 1991, kana a 2009 aka maye gurbinta da Gas Safe Register. Duk mai yin aikin gas don a biya shi dole sunansa ya kasance a rajistar, da katin shaida mai hotonsa. Wanda ya yi ba rajista, kotu na iya cin sa tara ko ta ɗaure shi. Ko mai gida a cikin gidansa, doka ta ce sai in ya ƙware a kan aikin gas ɗin kansa, kuma iya gyaran mota ba ya cikin lissafi.

Mu dawo gida. Mu a nan rana ta ishe mu dafa ruwa, gas ɗinmu kuma a tukunya yake zuwa, mai kilo 3, ko 6, ko 12 da rabi. Saboda haka inda doka ta fi sa ido shi ne wurin ajiyewa da ɗurawa da sayarwa. Da can hukumar DPR ce ke ba da lasisin. Tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar man fetur a watan Agusta 2021, aikin ya koma hannun hukumar NMDPRA. Ba lasisinta, ba ka da ikon buɗe wurin ɗura gas, kuma juye gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin shago, watau abin da yaronka ke yi, yana cikin abubuwan da hukumar ta hana. Ita kuma hukumar ingancin kaya ta SON ta yanke wa tukunyar gas shekara 15, tare da gwaji duk bayan shekara 5. Duba jikin hannun tukunyar ko gindinta, za ka ga shekarar da aka ƙera ta.

Wani zai ce, ai kowa na yi. Haka ne, amma bari ka ji abin da ke cikin tukunyar nan. Gas ɗin a ciki ruwa ne, matsi ne ya riƙe shi. In ya sami kafa, mudu ɗaya na ruwan yakan zama iska wajen mudu 250. Shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, a kan bar kamar kashi ɗaya cikin biyar, don in zafi ya buge ta ruwan ya sami wurin kumbura. Mai lasisi da sikeli yake ɗurawa. Yaro a shago kuwa sau da yawa da jijjigawa yake aunawa, ya ga ta yi nauyi ya ce ta cika. To ka ɗauki wannan tukunya a watan Afrilu, lokacin da zafin Yauri ke haura digiri 40, ka ɗaure ta a bayan babur ka nufi Shanga da tsakar rana.

Abu na biyu, kuma shi ne mutane ba su cika sani ba: wannan gas ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi kamar hayaƙi ba, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya taru a rami, ya shiga ƙarƙashin gado. Masu tsallaka da tukwane a jirgin ruwa zuwa Wara da tungayen bakin tafkin Kainji su lura, cikin jirgi ma rami ne, ga kuma inji da jarkar fetur a gefe. Warin nan da kuke ji, da gangan aka zuba shi don ya zama gargaɗi, asalin gas ɗin ba shi da wari. A ranar 4 ga Janairu 2020 wani shagon gas ya tashi a Sabon Tasha a Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Ba shi ke sayar da gas ɗin ba, yana kusa ne kawai.

Game da gyara, akwai abin da kai ko uwargida za ku iya yi: canza tiyon roba in ya fara tsagewa, a sa irin na gas ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa da maɗauri na ƙarfe, ba da tsumman roba ba. In ana zargin yoyo, a shafa kumfar sabulu a mahaɗa, in ta yi ƙwai-ƙwai to akwai kafa. Kada a gwada da ashana, don Allah. In wuta ta koma ja-ja tana baƙanta tukunyar miya, murhun na son wanki, kuma irin wannan wuta a rufaffen ɗaki tana fitar da guba marar wari mai kashewa cikin barci.

Amma kwance bakin tukunyar, ko kai ta wurin mai walda ya toshe huji, ko shafa mata fenti don ɓoye tsatsa, wannan ba aikin yaronka ba ne. Tukunyar da ta huje ta gama aiki, ko da an ce ba komai a ciki, don ragowar da ke manne ta isa ta tashi in wutar walda ta taɓa ta.

Saboda haka Alhaji, in kana son wannan sana'a, ka nemi ofishin NMDPRA ka tambayi sharuɗɗan lasisin mai sayarwa, su zo su duba wurin. Kafin nan, yaron ya tsaya ga kai tukwanen mutane tashar da ke da lasisi a ɗuro masu, babbar tukunyar kuma a fitar da ita daga kusa da wurin bandar kifi.