Gilashin kyamarar da ke haɗa ƙwaro da dajinsa a hoto ɗaya

Yawancin hotunan ƙwari da furanni da ke yawo a intanet kamarsu ɗaya ce: ƙwaron ya fito tar, bayansa kuwa ya dushe, ba a gane ko a daji yake ko a cikin ɗaki. Dalili shi ne akasari da dogon gilashi ake ɗaukar su, mai milimita 90 ko 100, wanda ganinsa a tsuke yake.

A shekarar 2015 kamfanin Venus Optics na ƙasar Sin ya fito da wani gilashi da ya saɓa wa wannan al'ada, Laowa 15mm f/4. Faɗin ganinsa ya kai digiri 110, amma duk da haka ƙwaro mai tsawon santimita ɗaya yana iya sauka a kan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara da girmansa na santimita ɗaya cif. Sai ga kwaɗo ya cika gaban hoto, ga kududdufinsa da bishiyoyi da sararin sama a bayansa.

Sai dai aikin ba na mai gaggawa ba ne. Gilashin ba shi da injin da ke saita kansa, da hannu ake murza shi, haka ma ƙofar haskensa. Ƙwararru kan murza zoben zuwa girman da suke so, su bar shi a nan, sannan su riƙa matsawa gaba da baya da jikinsu a hankali har idon ƙwaron ya fito sarai. Sukan tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16 don bayan ma ya ɗan fito.

Babbar matsalar ita ce kusanci. A matakin ƙarshe, tazarar da ke tsakanin gilashin da abin da ake ɗauka ba ta kai milimita 5 ba. Gilashin da kansa ne ke tare haske ya jefa inuwa a kan ƙwaron, dole a haska daga gefe da fitila mai taushin haske. Ƙwaro mai rai kuwa da wuya ya tsaya jiran wannan. Shi ya sa da yawa ke ja da baya kaɗan, su haƙura da ƙaramin girma. Ga ƙaya da yashi da ke iya karce fuskar gilashin, balle a ce maciji ko kunama ake son ɗauka.

Wanda ba shi da kuɗin Laowa yana da mafita: siririn zobe da ake sawa tsakanin kyamara da tsohon gilashi mai faɗin gani. Zobe mai milimita 12 a bayan gilashi mai milimita 24 yana kawo abu zuwa rabin girmansa na zahiri. Amma idan zoben ya yi kauri da yawa, wurin da hoto ke fitowa tar yakan koma cikin gilashin kansa, babu abin da zai fito sarai ko da an manna shi da ƙwaron.