Jirgin Sama Maras Inji: Me Masoyansa Suke Gani A Jikinsa?

A tsakiyar ƙasar Jamus, cikin jihar Hessen, akwai wani tsauni mai suna Wasserkuppe wanda tsayinsa ya kai mita 950. Da zarar sanyi ya wuce, jama'a kan yi tururuwa zuwa ƙolinsa, musamman ranakun Asabar da Lahadi, don kallon wasu fararen jiragen sama masu dogayen fukafukai. Jiragen ba su da inji, ba sa shan mai, ba a kuma jin ƙararsu in ban da ɗan fiton iska idan sun gifta. Ga wanda ya saba auna darajar jirgi da girmansa da saurinsa da yawan fasinjojinsa, abin tambaya shi ne, me mutane suke gani a jikin jirgin da bai wuce ɗaukar mutum ɗaya ko biyu ba?

Amsar da masu sha'awar jirgin shawagi kan bayar ita ce, babu wani abu a jikinsa da aka sa don ado. Tun da ba shi da injin da zai tura shi, duk abin da ya tare iska asara ce. Shi ya sa ake yi masa sirarrun fukafukai masu tsawon mita 15 ko 18, wasu har fiye da 25, ake kuma matse gangar jikinsa har sai matuƙi ya kishingiɗa kafin ya shiga. Ana goge bayansa ya yi sumul, domin ko ƙwarin da suka manne a bakin fiffike suna rage masa tafiya. Hatta farin launinsa dalili gare shi: tun daga shekara ta 1957, lokacin da aka tashi jirgin farko da aka ƙera da zaren gilashi da danko, aka san cewa zafin rana yana raunana dankon, farin fenti kuwa shi ke korar zafi.

Ana auna ingancin irin wannan jirgi ne da nisan da zai ci kafin ya taɓa ƙasa. Alal misali, daga tsayin kilomita ɗaya, babban jirgin fasinja da injinansa suka mutu da ƙyar zai kai kilomita 20. Jirgin shawagi na gasa kan ci kilomita 50, yayin da wani mai suna Eta, wanda faɗin fukafukansa ya kusa mita 31, yake kaiwa kimanin 70.

Kafin ya tashi, sai dai ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya, ko wata na'ura da ke ƙasa ta naɗe doguwar waya da sauri ta fizge shi sama. Da an saki igiya kuwa, sauran aiki na matuƙi ne da sararin samaniya. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke bisa gonaki da duwatsu takan yi zafi ta miƙe sama tamkar ginshiƙi. Ita ce ungulu da shirwa suke hawa da hantsi, suna kewayawa ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Matuƙi shi ma haka yake yi: ya nemi ginshiƙi, ya kewaya a cikinsa har ya yi sama, sannan ya zarce neman na gaba. Sau da yawa tsuntsayen ne suke nuna masa inda iskar take.

Dama daga tsuntsaye aka koyo. Injiniya Otto Lilienthal ya shafe shekaru yana nazarin tashin shamuwar Turai, kafin ya ƙera fukafukai na itace da ƙyalle. Tsakanin 1891 da 1896 ya yi tsalle daga tuddai fiye da sau 2,000, har ranar da ya faɗo a watan Agusta na 1896, ya cika washegari.

Amma abin da ya mai da shawagi wasan jama'a shi ne takunkumi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar mayaƙan sama, aka kuma ƙuntata mata wajen ƙera jirage masu inji. To, masu iya magana kan ce da rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ɗalibai da tsofaffin matuƙa suka hallara a Wasserkuppe, aka yi gasar farko a 1920, inda tashi mafi nisa bai kai kilomita biyu ba. Shekaru biyu bayan haka Arthur Martens ya yi fiye da awa ɗaya a sama. A 1927 Alexander Schleicher ya buɗe masana'antarsa a garin Poppenhausen da ke gindin tsaunin, kuma har yau tana ƙera waɗannan jirage.

Sai dai tarihin yana da tabo. Gwamnatin Hitler ta yi amfani da shawagi wajen horar da samarin da suka zama matuƙan jiragen yaƙinta. Hanna Reitsch, wadda ta yi wa gwamnatin aikin gwajin jirage, ita ce daga baya Shugaba Kwame Nkrumah ya gayyata ƙasar Ghana, inda ta jagoranci makarantar shawagi ta Afienya, kusa da Tema, daga 1962 har zuwa juyin mulkin 1966.

Masu ƙananan jirage masu inji su ma ma'auninsu na kyau bai sha bamban ba. A Amurka har gobe ana ji da Piper Cub, ɗan rawayan jirgi mai kujera biyu da aka lulluɓe da ƙyalle, wanda aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947. Ba ya sauri, ba ya nisa, amma matuƙi yana jin kowane motsin iska a tafin hannunsa.

Wannan ji na hannu ba abin wasa ba ne. Mai jirgin shawagi dama ɗaya gare shi wajen sauka, in ya kuskure ba injin da zai mai da shi sama. A watan Yuli na 1983, mai ya ƙare wa wani jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada yana tsakiyar tafiya, ɗauke da mutum 69. Kyaftin Robert Pearson, wanda gogaggen matuƙin jirgin shawagi ne, ya sauke shi a wani tsohon sansanin soja da ke Gimli ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba.

A yau an yi nisa ƙwarai da zamanin Lilienthal. A 2003 Klaus Ohlmann ya ci fiye da kilomita 3,000 a yini ɗaya bisa tsaunukan Andes, a 2018 kuma jirgin Perlan 2 ya haura mita 23,000 a sararin Ajantina, inda jiragen fasinja ba sa kaiwa. Duk da haka, ƙungiyoyin shawagi da dama a Turai suna kukan raguwar membobi, domin wasa ne mai cin lokaci da neman haɗin kai. Kafin mutum ɗaya ya tashi, sai wani ya riƙe masa bakin fiffike, wani ya ɗaura igiya, wani ya kunna na'urar ja, dukkansu kuwa aikin sa kai suke yi. A Jamus doka ta yarda yaro ɗan shekara 14 ya tashi shi kaɗai idan malaminsa ya gamsu da shi, tun kafin ya isa tuƙa mota. Ga irin waɗannan yara ƙungiyoyin suka zuba ido.