Sirrinka a hannun lauya, ko a kwamfutar mai shago?



Kwanaki na raka abokina ofishin wani lauya kan rikicin fili. A gabanmu aka tura takardunsa ta WhatsApp zuwa shagon buga takardu, wai firintar ofis ta lalace. Aiki ya yi sauri kam. To amma kwafin da ya zauna a kwamfutar mai shago fa?

Kar ku raina wannan. A 2016 takardu miliyan 11.5 suka fita daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca a Panama, zuwa 2018 ya rufe. Masu ɓoye dukiya ne asirinsu ya tonu, ni dai ban yi musu kuka ba, amma sakaci bai san mai gaskiya ba.

Shi ya sa in ofis zai zaɓi manhajar adana fayil, a fara tambaya: wa ke iya buɗewa? In ma'aikaci ya bar aiki, ana toshe masa shiga? Bayan kalmar sirri, akwai lambar tantancewa da ke zuwa waya? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan lauyoyi su ma.

Abokin nawa dai sai da ya koma shagon aka goge a gabansa.