Mai Saye Ya Ci Gwanjo, Ya Ƙi Biya: Yaya Za Mu Yi?

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wata matsala wadda ta fara damun ƙungiyoyinmu na ƙasar Daura, musamman na wajen Kongolam, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Yanzu da yawa cikinmu muna sayar da kaya ta waya. Mukan ɗauki hoton rago ko na buhunan wake mu sa a WhatsApp ko Facebook, mutane su yi ta tayawa, wanda ya fi ba da kuɗi mu sallama masa. Gwanjo ke nan, sai dai ba a ganin juna. Wannan ba laifi ba ne. Amma sau da yawa bayan an sallama sai mai saye ya fara ja da baya. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Yadda iyayenmu suka tsare kansu

Kongolam tana kan hanyar da ta tashi daga Daura ta bi Matamaye zuwa Damagaram. Tun zamanin kakanninmu ana ciniki da baƙi a wannan hanya, har yau kuma kasuwar Mai'aduwa tana tara masu dabbobi daga ƙasashen biyu. Me ya sa suka iya amincewa da baƙo? Domin baƙo ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Yakan sauka wurin fatoma, wanda ya san shi ya san garinsu. Dillali kuma yakan tsaya tsakani, ya ji tayi, ya ji sallama, ya karɓi la'ada. La'adar nan ba kyauta ba ce. Ladan shaida ce, gama idan mai saye ya ɓace, dillali za a nema.

Waya ta kawo mana masu saye daga nesa, amma ta raba mu da mutumin nan wanda ya san kowane ɓangare. Hausawa kuwa sun ce ba a cinikin biri a sama. Saboda haka aikin da fatoma da dillali suke yi, wajibi ne ƙungiya ta yi wa kanta.

Kafin a sallama

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa biyar da ya kamata kowace ƙungiya ta rubuta cikin dokokinta:

1. A faɗi sharuɗɗa tun kafin a fara tayi: ranar biya, wurin ɗaukar kaya, da wanda zai biya kuɗin mota.

2. Wanda ya ci gwanjo ya ba da kafin alƙalami a ranar. A faɗa masa sarai abin da zai faru da kuɗin idan ya fasa.

3. Baƙon da ba mu sani ba ya kawo sananne wanda zai tsaya masa, ko dillali ko mai gida a kasuwa.

4. A rubuta kuɗin da lambobi, a kuma rubuta ko naira ce ko sefa. A wajenmu jaka ɗaya naira 200 ce, amma a Nijar jaka ɗaya sefa 1,000 ce. Kalma ɗaya, kuɗi biyu.

5. Kada kaya su bar hannunmu sai ma'aji ya tabbatar kuɗi sun shiga.

Sai mu lura da na biyar ɗin nan ƙwarai. A farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya. Mazambata kuwa sun iya aiko da saƙo na jabu mai kama da na banki, ko hoton rasit na ƙarya. Saƙo ba kuɗi ba ne. Ma'aji ya duba abin da ke cikin asusun ƙungiya da kansa, sa'an nan a ɗora kaya.

Idan kaya suna hannunmu tukuna

Wannan shi ne mai sauƙi. Dokar ciniki ta 1893 wadda muka gada daga Ingila ta ba mai sayarwa iko ya riƙe kayansa har a biya shi. Ta kuma yarda ya sake sayar da su idan ya gargaɗi mai saye, ya ba shi lokaci daidai gwargwado, bai biya ba.

To, sai magatakarda ya aika masa da saƙo a rubuce, ya ce, “Alhaji, muna jiran cikon kuɗin raguna zuwa ranar Laraba. Idan ranar ta wuce za mu sayar wa wani.” Kada a share saƙon. Ranar ta wuce, sai a tuntuɓi wanda tayinsa ya zo na biyu.

Kada mu ji kunyar yin haka, domin jira yana da tsada. A ce ƙungiya ta yi kiwon raguna goma domin Babbar Sallah. Kowace rana suna cin dusa da harawa daga aljihunmu. Idan Sallah ta wuce suna ɗaure, farashi ya faɗi, wahalar watanni ta tafi a banza. Haka wake yake: yana ajiye, ƙwari suna aikinsu. Batun kafin alƙalami kuwa, a bi abin da aka shirya tun farko. Idan ba a shirya kome ba, adalci shi ne a cire hasarar da aka yi, a mayar masa da saura.

Idan kaya sun riga sun tafi

Nan ciniki ya zama bashi, sai a bi shi daki-daki.

Da fari a tara shaida: saƙonni, muryoyin da ya aiko, lambar motar da ta ɗauki kaya, da sunan direba. Sa'an nan mutum biyu daga ƙungiya su je wurinsa da ladabi. Ba kowane mai jinkiri ne macuci ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wani shi ma ana riƙe masa kuɗi ne a Kano ko Legas. Irin wannan a yarda ya biya kaɗan-kaɗan, amma a rubuta ranaku, ya sa hannu a gaban shaidu.

Idan ya ƙi, a kai maganar ga wanda ya tsaya masa, da sarkin kasuwa, da shugabannin 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa yana tsoron ɓacin suna fiye da tara. Daga nan sai mai unguwa ko dagacin garinsu. Idan kuwa ɗan ƙungiyarmu ne, dattawan ikkilisiya su fara zama da shi kafin magana ta fita waje.

Kotu ita ce ta ƙarshe, can ne kuma takardun nan za su yi amfani. Kada mu kai wa 'yan sanda maganar bashi zalla, gama dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don ya saɓa alkawarin ciniki kawai. Amma saƙon banki na jabu zamba ce, wannan nasu ne. Haka kuma ba da cek alhali an san babu kuɗi a asusu laifi ne bisa ga dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Mu kuma kada mu ƙwace babur ɗin mutum ko mu zage shi a Facebook, don kada mai gaskiya ya koma mai laifi.

Wanda yake ƙetaren iyaka

Mutanen Matamaye da Kance 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Amma sammacin kotun Daura ba ya aiki a ƙasar Nijar. Hanya ma ba kullum take buɗe ba. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda yake bin bashi a ƙetare a irin wannan lokaci, sai haƙuri. Don haka cinikin ƙetare ya zama kuɗi hannu, ko kuwa a sami mai tsayawa wanda gidansa yake wannan gefe.

Kayan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba ne. A cikin buhu ɗaya akwai gumin gwauruwa, akwai kuɗin makarantar yara. Muna roƙon kowane shugaba ya karanta wa jama'arsa wannan takarda a taro mai zuwa, a zaɓi mutum biyu masu lura da ciniki, a sayi littafi guda domin rubuta shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.