Nauyi, Inji da Mai: Kwale-kwale a Madatsar Watari

A ƙarshen Nuwamba 2021 wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar ruwa ta Watari. Sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. An danganta hatsarin da yawan lodi.

Tun zamanin Arkimidis, masanin nan na Girka, aka gane cewa jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa. Duk kilo ɗaya da aka ɗora masa, sai ya ƙara nutsewa har ya ture lita ɗaya. Fasinjoji 10 masu kilo 60 kowanne, lita 600 ke nan, ban da inji da jarkar mai, waɗanda ake mantawa da su wajen lissafi. In bakin jirgi ya kusanci ruwa, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta cika shi.

Jirgi mai faɗi ya fi siriri jure tangaɗi. Babban inji kuwa danne bayan ƙaramin jirgi yake yi, don haka a zaɓi daidai da jirgin. Jarkar fetur a toshe ta sosai, domin ruwan da ya shige ta ƙasa yake kwanciya, inda tiyo ke zuƙa, inji ya mutu a tsakiyar madatsa.